Makaɗan jita na Agadas za su zo Kaduna: ina ya kamata in tsaya, kuma yaya zan yi da kunnena?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata ƙungiyar makaɗan jita ta Abzinawa daga Agadas, wadda na daɗe ina sauraro a waya, za ta yi wasa ƙarshen watan nan a wani ɗakin taro da ke wajen Barnawa. Ɗakin zai ci mutum kamar 400, rufin kwano ne da silin, ƙasa kuma tayil. Na riga na yanki tikiti. Ban taɓa kallon kiɗan jita mai wuta ido da ido ba, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka san harkar.

A ina ya fi dacewa mutum ya tsaya don ya ji kiɗan yadda ya kamata? An ce ƙarar tana iya lahanta kunne, shin gaskiya ne, kuma auduga ta isa? Sannan wani abokina yana cikin masu shirya taron, ya ce da suka gwada kayan sautin da za su yi haya, lasifikokin suna wani irin ƙugi ko da ba a taɓa komai ba, ya roƙe ni in tambaya masa. Allah ya saka da alheri.

Mai Haɗa Sauti, Kakuri:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ta farkon mai sauƙi ce: da ka shiga, nemi inda aka ajiye mikisa, wato na'urar da ake haɗa sauti da ita, ka tsaya gabanta ko gefenta da taku biyu zuwa uku. Mai haɗa sauti da kunnensa yake aiki, kuma daga kujerarsa yake daidaita murya da jita da ganga. Abin da ya ji ya gamsu da shi, shi zai iso ka. A ɗaki irin wannan mikisar takan zauna a tsakiya, kamar kashi biyu cikin uku na tsawon ɗakin daga dandamali. In ka tarar an maƙale ta a gefen dandamali don kebul bai kai ba, sai ka auna da ido: duba tazarar da ke tsakanin manyan lasifikokin dama da hagu, ka ja baya daidai wannan tazarar, ka tsaya a tsakiya.

Jama'a na rububin layin gaba suna zaton nan ne daɗin yake. Nan ne gani yake, ba ji ba. Manyan lasifikokin suna gefe, suna harba sauti ya wuce ka zuwa bayanka. Abin da zai doke ka a gaba shi ne ganga tsurarta, da faya-fayan ƙarfen mai ganga, da amfin jitar, wato akwatin da ke ƙara mata ƙarfin sauti, da ya saita ka. Muryar mawaƙin kuwa sai ka ga baki na motsi kawai. Haka kuma kada ka jingina da bango, musamman kusurwa, don nan ƙarar bas, wato sauti mai kauri, take taruwa ta danne komai. Tayil da kwano suna mayar da sauti, to kada abokinka ya tsorata in ya ji amsa-kuwwa ta yi yawa lokacin gwaji. Jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti, in ɗaki ya cika rabin matsalar ta tafi. In da hali su shimfiɗa darduma ƙarƙashin ganguna, su rataya labule mai kauri a bangon baya.

Yanzu maganar ƙugi. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wannan kaɗawar ce kake ji in ta samu hanyar shiga layin sauti. Kafin a zargi kowa, a gano ta ina take shiga. A sauke duk layukan mikisa ƙasa. In ƙugin bai tafi ba, matsalar tana tsakanin mikisa da amfin lasifikoki, ko a wutar kanta. In ya tafi, a riƙa ɗaga layi ɗaya-ɗaya har a kama mai laifin.

Galibi abin da ke faruwa shi ne an jona mikisa a soket ɗin bayan ɗaki, an jona kayan dandamali a wani soket daban, kowanne da tasa wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, sai wuta 'yar kaɗan ta riƙa zagayawa ta cikin kebul ɗin sauti. Maganinsa a ja duk kayan sauti daga tushe ɗaya. Fitilun ado, firij ɗin masu sayar da lemo, fankoki da na'urar sanyaya ɗaki su koma wani layin. In bas ko kibod ne ke kawo shi, a bi da shi ta ɗan akwatin DI, wanda ake sawa tsakanin kayan kiɗa da mikisa, yana da maɓallin raba ƙasa wanda aka yi don wannan aikin. Kebul mai baki irin na jita kada ya wuce mita 6, abin da ya fi haka a yi amfani da mai ƙafa uku irin na makirufo. Kuma kada a kwantar da kebul ɗin sauti jere da na wuta. In dole su haɗu, su gitta juna.

Abin da nake roƙon abokinka da girman Allah: kada ya yarda kowa ya karya ƙafa ta uku ta fulogin amfi, wato ta wayar ƙasa, don a kashe ƙugi. Yana kashe shi, gaskiya ne, amma tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfi. In babu wayar ƙasa kuma wani abu ya lalace a ciki, makaɗin yana riƙe da tsirkiya, leɓensa ya taɓa makirufo, jikinsa ne ya zama hanyar wutar. Haka Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Birtaniya, ya rasu a kan dandamali a 1972. Kafin makaɗa su hau, a ɗauki mitar gwada wuta, a ɗora baki ɗaya a tsirkiya, ɗaya a ragar makirufo. Ya kamata ta nuna sifili ko kusa da shi. In ta nuna bolt masu yawa, kada a fara sai an gyara.

Janareta kuma, kada su dogara da wutar NEPA ko da an kawo, a fara wasan a kan inji tun farko. Ga ɗaki irin wannan ni zan nemi kVA 15 zuwa 20 don sauti da fitilun dandamali kawai, a kafa masa sandar ƙasa, a ajiye shi nesa da ƙofa da tagogi saboda hayaƙi da ƙara. Ƙaramin inji shi ke sa ka ga fitila na lumshewa duk sanda aka buga babbar ganga, daga nan amfi ya kashe kansa ana tsakiyar waƙa. Wajen kunnawa, amfin lasifikoki shi ne na ƙarshe. Wajen kashewa, shi ne na farko.

Anti Nas, Unguwar Rimi:

Ɗana, abin da aka gaya maka gaskiya ne, kuma auduga ba ta isa ba. Tana rage ƙara 'yar kaɗan, sai ta sa mutum ya saki jiki ya matsa kusa da lasifika yana ganin ya kare kansa.

Ga lissafin da ake aiki da shi. Ana auna ƙara da desibel. Kunne yana ɗaukar desibel 85 na awa 8 a yini. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 minti 15. Wasan jita mai wuta yakan kai 100, kusa da lasifika ya haura. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idar da ta fitar a 2022 kan wuraren kiɗa, ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce 100 a cikin kowane minti 15. To kai da za ka yi awa biyu a ciki, ka ga tun a waƙa ta uku ka cinye rabonka na yini.

Ba dodon kunne ne ke lalacewa ba, kamar yadda mutane ke zato. Can ciki akwai wata 'yar gaɓa mai siffar dodon koɗi, cikinta da ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000, su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kwantar da su kamar ciyawar da aka tattaka. Wasu su miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, wasu ba za su ƙara tashi ba, kuma ba sa tsirowa. Masu ɗaukar siririn sauti su ke fara tafiya, shi ya sa mutum zai ce yana ji sarai, amma a cikin hayaniyar kasuwa ko ɗaurin aure ba ya gane abin da ake faɗa masa.

Ka nemi abin toshe kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'anta. Ana samu a manyan kemis da shagunan kayan kariya na leburori, kuma ba tsada. A jikin leda za ka ga an rubuta yana rage wajen desibel 30, amma sai an sa shi daidai, in ba haka ba ko rabi ba zai ba ka ba. Da hannu mai tsabta ka murza shi ya zama siriri kamar tsinken ashana mai kauri, ba ka dunƙule shi ba. Ka zagaya ɗaya hannun ta bayan kai ka ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe. Ka tura, ka riƙe da ɗan yatsa na daƙiƙa 30 har ya kumbura. In wani ya tsaya gabanka yana hango soson ya leƙo waje sosai, bai shiga ba, sake. Za ka san ya zauna in muryarka ta koma kamar daga cikin kanka take fitowa. Akwai na roba mai ɗan mataci a ciki da aka yi don makaɗa, yana rage 15 zuwa 20 ba tare da ya dusashe kiɗan ba. In ka samu shi ya fi daɗin sauraro.

Ka sa kafin a fara, kada ka jira sai kunne ya soma zafi. Duk bayan awa guda ka fita waje na minti 10. In ka dawo gida kunne na yi maka ƙara ko ka ji kamar an toshe, ka huta da iyafis da duk wata hayaniya kwana biyu, kuma kada ka ɗiga man zaitun ko wani abu, babu abin da zai yi. In ya wuce kwana biyu bai sake ka ba, ko kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, ko jiri ya biyo baya, wannan ba na jira ba ne. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a garin nan take, suna gwajin ji. Yara ƙanana kuwa a bar su a gida, don Allah.

Mai Jita, Kawo:

Oga na Kakuri ya faɗi gaskiya kan wurin tsayuwa, amma zan ɗan saɓa masa. Wanda ya daɗe yana jin wannan kiɗa a waya bai kamata ya koma gida bai ga yatsun ba. Ɗan'uwa, ka sa soson da Anti ta ce, ka matsa gaba na waƙa biyu, sannan ka koma wajen mikisa. Ka tsaya ɗan gefe da amfin mai jitar da ke jan gaba, ba saitin bakinsa ba, don sautinsa kamar hasken tocila yake fita, wanda ke saitin shi ke shan zafin.

Abin da za ka lura da shi: yawancinsu ba sa riƙe ɗan robar kaɗa jita, da babban yatsa da manuni suke aiki. Babban yatsan yana riƙe da tsirkiyar sama mai kauri tana amo ɗaya ba fashi, manunin yana zuba waƙar a sirara. Yawan sautin da kake ji kamar ruwa na gangarowa kuwa daga ɗaya hannun yake, wanda ke kan wuyan jita: ya doki tsirkiya da yatsa, ya fizge, sauti uku ko huɗu su fito daga bugu ɗaya. Mai jita ta biyu shi ne ginshiƙi, zai iya minti goma a kan amo ɗaya bai gusa ba. Kada ka raina shi, in ya yi sako-sako duk ginin ya rushe.

Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Sautuka biyar suke yawo a kai, kamar garaya da molo da gurmi. Kiɗan gangar ma daga gida aka ɗauko shi, daga takamba, wani kiɗan rawa na gargajiya, da kuma tande, wato turmin da matan Abzinawa ke rufe wa baki da fatar akuya su kaɗa. Za ka ji ana tafiya uku-uku a kan biyu-biyu, shi ya sa tafin jama'a kan rabu gida biyu. Ka bi babbar ganga ta ƙafa, ba za ka ɓata ba. Kuma waƙar da ka sani ta minti huɗu a waya za ta iya kai goma, don a gidajen biki na Agadas aka raini wannan salo, inda ba a sauka sai masu rawa sun gaji. Suna farawa a hankali, mai ganga ya riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan, ba za ka ankara ba sai ka ga gudun ya kusa ninkawa.

Su Tinariwen, ƙungiyar Abzinawan Mali, ne suka buɗe hanyar tun wajen 1979, har suka ci lambar yabo ta Grammy a 2012. 'Yan Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar suka ƙara mata wuta da gudu. Mdou ɗin ma, wanda bahago ne, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙinmu na fim, kuma ta katin waya da bulutut waƙoƙin suka bazu kafin Turawa su san shi.

Ƙari kan maganar ƙugi: in jitar irin Stratocaster ce, wadda yawancinsu suka fi so, maganaɗisunta guda uku masu ɗaukar sautin tsirkiya suna jan ƙugin wuta da kansu, ba laifin kayan haya ba ne. In makaɗin ya ɗan juya jikinsa za a ji ya ragu, kuma a yawancin irinta matsayi na 2 da na 4 na maɓallin zaɓen maganaɗisun suna kashe shi. Sannan in ka ga suna yawan murɗa kunnuwan jita tsakanin waƙoƙi, ka yi musu uzuri. Sabon wuri, zafin fitila da bushewar iska suna motsa katako da tsirkiya, wasu waƙoƙin kuma kowace da nata ɗaurin.

Baban Yara, Malali:

Yaro, masana sun gama da sauti, ni ta jikinka zan yi maka. Ka yi Magariba da Isha'i kafin ka kutsa ciki, don in ɗaki ya cika fita da dawowa aiki ne. Tikitin in na waya ne ka ɗauki hotonsa ka ajiye, sabis yakan ɗauke inda mutane suka taru. Waya da kuɗi a aljihun gaba, takalmi rufaffe, ba silifa ba. Ka ci abinci, ka riƙe ruwanka.

Da ka shiga, kafin ka kalli dandamali, ka nemi ƙofofi. Mutum 400 ba sa fita ta ƙofa ɗaya. Ka gaya wa abokin naka kada a sa kwaɗo ko sarƙa a ƙofar baya don tsoron masu shiga ba tikiti, a ajiye mutum a wurin ya tsare, kuma kada a sayar da tikiti fiye da abin da ɗakin zai ɗauka. In ka ji an matse ka har ba ka iya ɗaga hannu ka taɓa fuskarka, wurin ya cika fiye da kima. Ka haɗa hannuwanka a ƙirji don numfashi ya samu wuri, kada ka yi gaba da turin, ka riƙa zamewa gefe-gefe har ka kai bakin taro. Abin da ya faɗi ƙasa a bar shi.

Komawa gida kuma ka shirya ta tun da rana. Irin wannan taro ba ya farawa a lokacin da aka rubuta, daga Barnawa zuwa Tudun Wada kuma sai ka haye gada, Keke Napep na yin wuya in dare ya yi. Ka yi magana da mai keken da ka sani ko ku haɗu ku uku-huɗu a mota ɗaya, kuma a san inda kake a gida.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba, in sha Allahu zan kiyaye. Anti, gobe zan nemi soson. Na tura wa abokina bayanin wutar, ya ce lallai a soket biyu suka jona. Saura abu ɗaya Oga: ina son in ɗauki ko waƙa ɗaya a waya, amma duk bidiyon wasa da nake gani sautin a fashe yake. Akwai dabara?

Mai Haɗa Sauti, Kakuri:

Akwai, ƙanena. Makirufon waya ɗan mitsitsi ne, don magana aka yi shi. In iskar bas ta doke shi sai ya kai maƙura, abin da ya haura ya yanke, wannan yankewar ce kake ji kamar ana yaga takarda, kuma in ta shiga ba ta gyaruwa. Don haka daga wajen mikisa za ka ɗauka, nesa da manyan akwatunan bas da ke ƙasa. Ka duba inda ramukan makirufon wayarka suke, yawanci gindi kusa da wurin caji da kuma kusa da kyamara, kada tafin hannunka ya rufe su. In kyamarar tana da wurin rage ƙarfin makirufo, ka rage tun a waƙar farko, ka saurara da iyafis a waje, sannan ka ɗauki wadda kake so.

Ka bar ta a 1080, ba sai 4K ba, minti ɗaya yana cin MB 60 zuwa 130 gwargwadon waya, to ka tanadi kamar GB 2. In fitilun na rawa a hoton, ka mayar da shi hoto 25 a daƙiƙa in wayar ta yarda, don shi ya dace da wutarmu mai 50. Ka danna fuskar mawaƙin ka riƙe har haske ya kulle, ka ɗan ja shi ƙasa, in ba haka ba farin rawani zai koma dunƙulen haske. Kada ka zuƙo hoton da yatsa, kada ka kunna fitilar waya, ka sa ta yanayin jirgi don kada kira ya yanke maka. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, waya daidai ƙirji, ba sama da kai ba don na bayanka.

In kuma sauti mai kyau sosai kuke so, abokinka ya nemi izinin makaɗan tukuna. In sun yarda, mai mikisa zai iya naɗa muku kai tsaye a filashi, yawancin mikisocin zamani suna da ramin. Sai dai a ɗaki ƙarami irin wannan ba a cika sa jita da ganga da yawa a mikisa ba tunda ƙararsu ta riga ta cika wurin, to naɗin zai fito murya a gaba, jita a baya. Sai an haɗa shi da na wayarka kafin ya yi kama da abin da aka ji a ɗakin. Ku tafa sau ɗaya kusa da makirufo kafin a fara, da wannan tafin za a daidaita su biyun.